Shekarar da Na Kira Sunan Saratu

Na san abin da kuke faɗa a bayan idona, don kunnena ne ya yi nauyi, ba hankalina ba. Kuna cewa duk cikin surukaina Fiddausi ce 'yar lele, ita nake ɓoye wa tsakiyar kifi, ita ce take miƙe ƙafa a tabarmata ta yi ta zuba kamar kanya ban ce mata kanzil ba, alhali ni ce a da na rantse sai ta bar gidan nan. Wasunku sun ce tsufa ne ya sa na yi laushi. Wasu kuma, na ji su da kunnen nan da ake rainawa, sun ce wani abu ta ba ni na ci. To ni dai abin da na san ta taɓa ba ni na ci shi ne tuwo mai gudaji. Tunda Allah ya sa na koyi riƙe biro a makarantar matan aure, gara in rubuta muku yadda aka yi da hannuna, kada in mutu kowa ya riƙa ba da labarin yadda ya ga dama.

Ku da kuka taso da waya a hannu ba za ku gane irin kunyar da aka raine mu da ita ba. A tsohon garinmu, wanda yanzu kifi ne ke yawo a kansa cikin ruwan Tiga, mace ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta cin abinci a gaban surukanta, kuma ba ta nuna ta san ɗanta na fari. Yayarku Saratu ita ce 'yar farina. Da goyonta na taso lokacin da ruwa ya ci garin aka dawo da mu nan, amma ko a ranar, da na ga jama'a sun taru wajen loda kaya, sai na kwance ta na miƙa wa uwar mijina, ni kuma na ɗauki tukunya. In zan shayar da ita sai na shige ƙuryar ɗaki na ba ƙofa baya. Ana yaye ta kakarta ta ɗauke ta, ta tashi tana ce mini Yaya kamar yadda ta ji ƙannen Malam ubanku suna faɗa. Sunanta bai taɓa fita daga bakina ba, sai dai in ce waccan, ko 'yar gidan Iya. Ko yarinyar maƙwabta mai sunanta ce ta shigo talla, sai in ce ke mai gyaɗa. Ranar da za a kai ta gidan miji a Burumburum, a gidan maƙwabta na wuni. Mijinta kuwa, Malam Idi, in ya yi sallama sai in zaga bayan rumbu mu gaisa ta can. Shekara ashirin da biyar na san takalminsa, na san tarinsa, ban san fuskarsa ba. Kuma da wannan nake taƙama, don in ana koya wa amare tarbiyya da ni ake misali. Amma ku ji wannan ku yi haƙuri da shi: duk cikinku babu wanda nake so kamar ta.

Ana nan sai autana Nura ya gano Fiddausi a Ƙafin Maiyaki, wajen kai tumatir kasuwa. Ni ban taɓa ganin ya sa sabuwar riga ya tafi zance ba, ashe duk a waya aka gama komai. Aka kawo ta da kekenta na ɗinki da bakinta. Kwana uku da kawo ta ina tsakar gida na ji an ƙwala kira daga ɗaki, “Nura!” Na zaci wata ƙanwar ubansa ce ta zo. In za su unguwa sai ta haye babur kamar namiji, ta zagaye cikinsa da hannuwanta, su wuce ta gaban majalisar dattawa tana ɗaga musu hannu. Ta zauna a gabana ta ci ɗanwake har da neman ƙarin yaji. Ta wanke 'yan kamfanta ta shanya a igiyar tsakar gida, inda Malam yake wucewa zuwa alwala. Duk na haɗiye, har ranar da ta same ni ina tankaɗe ta tsuguna tana murmushi.

“Inna, mun je asibiti, an ce ciki ne da ni, wata uku.”

Na ce, “Wa ya tambaye ki?”

Ta ce, “Ba jikanki ba ne?”

A zamaninmu ciki sai ya ƙi ɓoyuwa a zani ake sani, ko a lokacin ma in an tambaye ki sai ki ce tuwo kika ci da yawa. Ranar na kira Nura na ce masa bayan Babbar Sallah ko ya nema mata wani gida, ko ni in koma wajen 'yan'uwana a Kiru. Ubanku ya ce in bar yara, zamani riga ne. Na ce masa wannan rigar dai ba za ta shige ni ba, shi in yana so ya sa.

Saura sati uku Sallah sai ga Saratu da 'yar jakarta, wai ta zo ganin gida. Ruwa ba ya tsami banza. Lokacin aikin gona ne, masara tana bunni, babu matar da ke barin gidanta a irin wannan lokaci don ganin gida. Na dube ta ta gefen ido, yadda na saba dubanta duk rayuwata, na ga ta zube. Hijabi ba ya barin jikinta ko a ɗaki. Hannunta na hagu a manne yake da jikinta, da dama kaɗai take jan guga. Kullum da safe sai ta zo bakin ƙofata ta durƙusa ta gaishe ni, in na amsa sai ta ci gaba da zama tana murza bakin tabarma. Na san akwai magana a bakinta. Ita ma ta san na sani. Amma ta yaya zan dubi 'yar fari in ce me ke damun ki? Sai dai in dubi bango.

“Wai mutanen Burumburum sun daina cin abinci ne?”

“Lafiya lau, Yaya,” in ji ta.

Sai ta tashi. Ni kuma abin da na iya shi ne in ƙara mata kifi a kwano, in aika a kai mata kamar ba ni na zuba ba. Kwana tara muka yi a haka, ɗaki na kallon ɗaki.

Na ba Nura atamfa na ce ya ba matarsa ta ɗinka wa waccan kayan Sallah, kada a ce daga ni ne. Da hantsi Fiddausi ta shiga ɗakin da aka sauki Saratu, da tef ɗin awo a wuyanta. Ina jin ta tana cewa a cire hijabin nan, ita ba ta iya awon buhu ba. Sai na ji 'yar ƙara, gajeriya, irin ta wanda ya taka ƙaya. Sai aka turo ƙofa. Na daɗe ina tsintar shinkafa ɗaya ba tare da na ga tsakuwa ko ɗaya ba. Malam yana gindin darbejiya yana ɗinke komarsa da kifi ya yaga. Can sai ga Fiddausi ta fito, ta tsaya a tsakiyar gida, ko durƙusawa ba ta yi ba.

“Inna, Baba, ku saurare ni. Yaya Saratu tana da ƙullutu a nononta na hagu, ya kai ƙwan zabo. Wata bakwai ke nan tana ɓoyewa. Ko mijinta bai sani ba, ƙaurace masa ta yi don kada ya gani.”

Malam ya saki koma ya miƙe ya fita, takalminsa ma a nan ya bar su. Ni kuwa abin da ya fara zuwa bakina, Allah ya yafe mini, ba salati ba ne.

“Ke wace irin marar kunya ce? A gaban surukinki kike kiran wannan abu da sunansa?”

“Inna, in kin ga dama ki mare ni, amma sai mun dawo daga asibiti. Wajenki ta zo ta faɗa, kwana tara ta kasa. Ni ba zan iya kwana ɗaya da shi a cikina ba.”

A nan ne Talatu ta faɗo mini a rai. Ba ku san ta ba, ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, a tsohon gari ta rasu tana da ƙuruciyarta. Ita ma haka ta riƙa rama tana cewa lafiya lau. Sai wajen wankan gawa aka ga abin da ya ci ƙirjinta. Har yau ina jin muryar tsofaffin da suka fito daga wankan suna yaba ta, suna cewa Allah ya ji ƙan Talatu, ta tafi da kunyarta. Ni ma a lokacin yabo na ɗauka. A wannan hantsin kuwa, da farantin shinkafa a cinyata, sai tunanin ya juya mini kan Saratu. Na ga kamar an fito daga ɗakin can ana yaba mini 'yata.

Fiddausi ba ta jira na dawo hayyacina ba, ta kira Malam Idi a waya. Ina jin muryarsa yana faɗa, wai ba zai yi maganar iyalinsa da yarinya ƙarama ba, wai matar da ta yi wata bakwai tana gudunsa in takarda take so ta fito fili ta faɗa, kuma babu ƙaton da zai buɗe masa jikin mata da sunan likita. Ya kashe waya. Saratu kuma ta ce ko za ta mutu ba za ta taka asibiti ba sai da izninsa. Na bi Malam zaure na ce ya je ya same shi. Ya sunkuyar da kai ya ce shi da wane baki zai faɗi irin wannan a kan 'yarsa ta fari, kuma ga suruki. Ban ga laifinsa ba, tukunya ɗaya ta dafa mu. Nura kuwa sa'an ɗan cikin Malam Idi ne, ba zai saurare shi ba. Na duba hagu na duba dama, babu wanda ya rage sai mai kunyar nan da ake misali da ita.

Na ce wa Nura ya tada babur. Damina ta cinye hanyar Burumburum, rami na bin rami, ba mu yi nisa ba na ji zan faɗo, sai ga ni na ƙanƙame cikin ɗana da hannu biyu. Haka muka wuce ta gaban majalisar dattawa. Ban ɗaga musu hannu ba dai, wannan ya rage tsakanina da Fiddausi.

A gona muka same shi yana zuba taki. Da ya gane ni ce sai ya jefar da kwanon, ya durƙusa ya juya mini gefe yana jero gaisuwa, yana neman inda zai sa kansa. Na zagaya na tsaya a gabansa. Ashe mutumin fari ne, har da wushirya. Na riga na zo, babu ja da baya.

“Malam Idi, ɗago ka dube ni. Yau ba gaisuwa na zo ba. Matarka ba ƙin ka take ba. Ciwo ne a nononta, kunyarka ta hana ta nuna maka, kunyata ta hana ta faɗa mini. Mu biyu muka kusa kashe ta.”

Ya ɗago ya dube ni. Sai na ga hawaye yana bin gemunsa.

“Wallahi, Inna, na zaci ta gaji da ni ne. Na yi ta tunanin me na yi mata.” Ya goge fuska da hularsa. “Amma likitan nan, an ce maza ne.”

“Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka fi so namiji ya gan ta da rai, ko mata su gan ta a kan makara?”

Ya tashi ya wanke hannunsa a kududdufi, ya ce mu tafi.

Kada ku zaci abin ya tafi a banza. Kafin mu dawo labari ya riga mu gida, har da ƙarin gishiri. Aka ce na je har gona na tsare surukina ido cikin ido ina kiran sassan jikin 'yata. Aka ce 'yar Ƙafin Maiyaki ta koya mini rashin ta-ido. Ubanku ya yi sati ba ya haɗa ido da ni. Wanda ya fi ci mini rai shi ne na Tabawa, aminiyata tun muna ɗebo ruwa a rafin tsohon gari. Ta zo har ɗakina ta ce girman da na tara shekara arba'in na zubar da shi a wuni ɗaya, da na aika tsohuwa ta yi masa hannunka-mai-sanda. Na ce mata hannunka-mai-sanda muka yi ta yi wa Talatu. Ta ɗauki mayafinta ta fita. Mun ci gaba da gaisawa a biki da ta'aziyya, amma har ta koma ga Allah ba ta ƙara sa hannu a kwanona ba. Wannan yana yi mini ciwo har gobe, kuma ban ce ita muguwa ba ce. Abin da aka koya mana ta riƙe.

Muka yi ta zirga-zirgar Kano, daga Kwanar Dangora a hau mota, a je a ɗebi jini, a ɗauki hoto, a ce a dawo. Fiddausi da cikinta a gaba ita ce bakinmu. Likitan yaro ne, bai fi Nura ba. Tambayoyin da Fiddausi ta riƙa yi masa, ni sai dai in ja mayafi in rufe fuska, har da ko in an gama Saratu za ta iya komawa shimfiɗar mijinta. Shi kuwa ya amsa mata kamar maganar farashin masara suke. Daga baya Saratu ta ce mini wannan tambayar ce ta fi damun ta, kuma da za ta shekara a asibitin ba za ta iya yin ta ba. Likitan ya ce ciwon daji ne, amma bai yaɗu ba, in an cire wajen aka bi da magani akwai kyakkyawan zato. Ya ce da an bari har a gama girbi, da maganar ta canza. Da na ji haka sai na nemi benci na zauna.

Bayan Sallah aka yi aikin, da safe. Wajen azahar aka turo ta a gado, idanu a rufe, leɓe a bushe. Aka ce za ta farka, amma ta yi ta jan lokaci. Malam Idi yana tsaye a bakin ƙofa da carbi, Fiddausi tana gefena. Wata nas mai jiki ta zo ta taɓa ta, ta dube ni.

“Mama, ke ce uwarta? Matso ki kira ta, sun fi jin muryar uwa.”

Na matsa na ce, “Ke. Ke, tashi mana.”

“Sunanta za ki kira, Mama.”

Na waiga wajen Fiddausi don ta fitar da ni, ita da ba a roƙon ta magana. Sai yarinyar nan ta ɗauke kai tana kallon fanka. Tunda na san ta, ranar ce kaɗai ta yi shiru, kuma da gangan ta yi. Na dubi fuskar da ke kan matashi. Shekara arba'in da uku ban taɓa kallon ta kai tsaye haka ba. Ashe akwai furfura a goshinta, ashe hancina ne da ita. Na riƙe hannunta na dama. Na sunkuya kusa da kunnenta.

“Saratu.”

Da ƙyar ya fito, ni kaina ban ji shi sosai ba. Na sake faɗa. A na uku har ta gadon kusa sai da ta juyo. Sai na ji yatsunta sun motsa a cikin nawa, ta buɗe ido a hankali, ta daɗe tana dubana.

“Yaya, ashe kin san shi?”

Na ce, “Kullum a sujada nake faɗin sa. Allah ne kaɗai yake ji.”

Ta yi murmushi, hawaye ya gangara cikin kunnenta, ni kuma na sa bakin mayafina na goge mata a gaban surukina da nas da kowa. Ban taɓa jin sauƙi a ƙirjina irin na ranar ba, kamar na sauke dakon da na manta ina ɗauke da shi.

Shekara takwas ke nan. Saratu tana ɗakinta a Burumburum, ta aurar da 'ya'ya biyu, ta yi ƙiba har tana ƙorafi. Maganar tashin Fiddausi kuwa ban sake tada ta ba, Nura ma bai tambaya ba. Kada ku ce don na rubuta wannan na yarda da duk abin da kuke yi. Har yanzu rawar da 'yan mata ke yi a waya duniya na kallo tana tada mini hankali, zancen cikin mota da gilashi a rufe ban ga alherinsa ba, kuma jikanyar da ta shigo mini da ɗinkin da ya matse ta za ta ji bakina. Kunya ado ce, ban canza ba. Amma na ga wadda ake binne mutum da ita, kuma na gode Allah da ya kawo ni zamanin da ta fara sakin mutane. Ku mata, duk wadda ta ji wani abu a jikinta ta zo ta faɗa mini da sunansa, ko a gaban wa nake.

Yanzu duk Juma'a Saratu tana kira na a waya. Ta daina ce mini Yaya, Inna take cewa kamar ku. Saboda kunnen nan nawa sai na fito tsakar gida ina ɗaga murya, ina Saratu kaza, Saratu kaza, har maƙwabta suna ji. Makon jiya ina cikin haka Fiddausi ta tsayar da kekenta ta leƙo ta taga.

“Kai, Inna! Sunan 'yar fari gatsal haka? Ke dai ba ki da kunya.”

Na ce mata a wajenta na koya, ta zo ta ɗauki tsakiyar kifinta kafin ya huce.